H22: Yadda Wani Tsohon Inji Ya Sa Mu Koyon Rubutun Japan a Jos



Da yawa daga cikinku kun tare mu a hanya, wasu kuma sun turo saƙo, ana tambayar me ya haɗa ƙungiyarmu da rubutun Japan. Wani ma cewa ya yi, cikin raha, ko kuɗin ƙungiya ne suka yi yawa har muka rasa abin yi da su. To, asara muka yi, kuma asarar ce ta kai mu aji. Tunda littafin ƙungiya a hannunmu yake, ya zama wajibi mu yi muku bayani tun daga tushe.

Masu zuwa taro sun san bas ɗin ƙungiya, wadda muke kai gawa maƙabarta da ita, mu kai mara lafiya asibiti, ranar da babu lalura kuma ta yi haya. Injinta ya buga a damunar 2024. Wata takwas muka yi muna karo-karo, har da iyaye mata masu sayar da awara da ƙosai, kafin muka haɗa kuɗin wani injin tokumbo da aka ce daga Japan ya zo. A jikin murfinsa akwai wata 'yar sitika mai rubutun Japan, an cike gurabenta da biro. Ma'ajinmu ya ɗora kyamarar waya a kai, wayar ta fassara mana cewa bayanin canjin bel ɗin tayimin ne. A gurbin shekara kuma muka ga an rubuta H22, sai 6, sai adadin kilomita. Duk muka yi hamdala, muka ce an canza bel a watan shida na 2022, shekara uku kacal, babu buƙatar sayen sabo. Makanikenmu na Dilimi, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, ya ce: "Oga Sakatare, ni dai da an canza, hankalina zai fi kwanciya." Muka ce masa aljihu ya yi ƙasa, ga shaida kuma a rubuce.

Wata biyu bayan nan bel ɗin ya tsinke a kusa da Tilden Fulani, motar na ɗauke da matan ƙungiya da suka dawo daga gaisuwar rasuwa a Bauchi. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, amma bawul-bawul sun lanƙwashe, gyaran ya ci kusan rabin kuɗin injin.

Da aka kawo murfin ofis muna ta jimami, sai wata 'yarmu, ɗalibar Jami'ar Jos da ta kawo wa mahaifinta saƙo, ta ɗauka ta duba. Ta ce: "Kawu, ai wannan ba 2022 ba ce, 2010 ce." Ta bayyana mana cewa Japanawa, ban da shekarar Miladiyya, suna ƙirga shekara da zamanin sarautar sarkinsu. H tana nufin Heisei, zamanin Sarki Akihito, wanda ya fara a Janairun 1989 ya ƙare a Afrilun 2019. Idan ka ga H, sai ka ƙara 1988 a kan lambar. Idan R ce, Reiwa ke nan, zamanin Sarki Naruhito da ya fara ranar 1 ga Mayu 2019, sai ka ƙara 2018. Idan kuwa S ce, Showa ce, daga 1926 zuwa 1989, sai ka ƙara 1925. Da a 2022 aka canza bel ɗin, R4 za mu gani. Ke nan robar da muka amince wa rayukan iyayenmu mata ta shekara goma sha biyar. Ba wanda ya cuce mu. Wayar ma ba ta yi ƙarya ba, ta fassara kalmomi ta bar mana lambar, mu muka karanta ta da namu lissafin. Mu da ke rubuta 1447 a gefe guda da 2025 a kan takardar ɗaurin aure, ya kamata a ce mun yi tunanin wasu ma suna da nasu ƙirgen. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yarinyar nan, mahaifinta ya sha yi mata faɗa a kan ƙona data wajen kallon katun ɗin Japan. Ashe a nan ta fara tsintar harshen, ta ci gaba da darussan kyauta na gidan rediyo da talabijin na NHK da na YouTube. Makanikenmu ne ya fara roƙon ta koya masa ko da abin da zai riƙa karanta jikin kaya da shi, domin a Dilimi kullum suna cin karo da wannan rubutu a jikin inji, akwatin fiyus, rediyon mota da kwalin kayan gyara. Teloli biyu suka ce su ma akwai shi a jikin kekunansu, mai gyaran janareta ya ce shi ma haka. Kwamiti ya amince, muka fara zama duk Asabar bayan La'asar a ofishin ƙungiya, mu tara, a watan Yulin 2025.

Ga abin da muka fara fahimta. Japanawa suna rubuta harshensu da rubutu iri uku, kuma a cikin layi ɗaya suke haɗa su. Na farko sunansa hiragana, haruffa 46, masu lanƙwasa. Na biyu katakana, shi ma 46, masu kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Sautin da suke bayarwa iri ɗaya ne, aikinsu ne ya bambanta. Kowane harafi gaɓa ce cikakkiya, baƙi da wasalinsa a haɗe: か ka, き ki, く ku, け ke, こ ko. Na uku shi ne kanji, alamomin da suka aro daga ƙasar Sin, kowace tana ɗauke da ma'ana: 山 dutse, 川 kogi, 木 itace, 水 ruwa, 火 wuta, 人 mutum, 車 mota, 年 shekara, 月 wata.

Abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa tun ranar farko shi ne bakin Bahaushe bai sha wahala ba. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere: obasan gwaggo ce, obaasan kuma kaka, kamar yadda muke bambanta gari na zama da gari na tuwo. Suna da baƙi mai ƙarfi: kite na nufin zo, kitte kuma kan sarki na wasiƙa, kamar baba da babba. Wannan ƙarfin suna nuna shi da ƙaramin harafin っ a gaban baƙin. Ɗigo-ɗigo biyu a kafaɗar harafi kuma suna sauya sautinsa: か ka ta koma が ga, た ta ta koma だ da.

Katakana ce ta fi saurin biyan makanikenmu, domin da ita suke rubuta kalmomin da suka aro daga waje, galibi daga Turanci. Ranar da ya haɗa エンジン da kansa ya ji ta fito enjin, sai da ya miƙe tsaye. Daga nan ブレーキ bureeki, wato birki. タイヤ taiya, taya. バッテリー batterii, batir. オイル oiru, man inji. ラジオ rajio, rediyo. Muka yi ta dariya, domin abin da Bahaushe ya yi wa kalmar Bature shi Bajapane ya yi mata: ya cusa wasali a tsakanin baƙaƙe don ta zauna a bakinsa. Mu mun ce tebur, su teeburu. Mu bokiti, su baketsu. Sunan ƙasarmu ナイジェリア ne, garinmu kuma ジョス, Josu, saboda ban da n ba sa ƙare kalma da baƙi tsirara. Sitikar da ta ja mana asara, rabin farkonta da katakana aka rubuta: タイミングベルト, taimingu beruto. Sauran 交換 ne, kanji biyu, kookan, wato canji. Yanzu duk ɗan ajin yana karanta ta daga nesa, da kuma 注意 da ke cewa a kula, da 危険 da ke cewa akwai haɗari.

Hiragana kuma ita ce jijiyar jimla. Da ita ake rubuta ƙarshen aikatau da ƙananan kalmomin da ke nuna waye ya yi, me aka yi, a ina. Malamarmu ta rubuta mana wannan a allo: 私はジョスでトヨタの車を買いました. Ana karanta shi watashi wa Josu de Toyota no kuruma o kaimashita, ma'ana na sayi motar Toyota a Jos. A cikinsa 私 ni, 車 mota da 買 saye kanji ne. Jos da Toyota katakana. Sauran duk hiragana. Babu tazara ko ɗaya tsakanin kalmomi, amma ido ba ya ɓata, domin sauyawar rubutu daga wannan iri zuwa wancan ita ke nuna inda kalma ta ƙare wata ta fara. A nan muka gane cewa rubutun uku ba kishiyoyi ba ne, raba aiki suka yi.

Kanji shi ne dutsen da ake hawa a hankali. Jerin da gwamnatin Japan ta amince da shi don amfanin yau da kullum, wanda aka sabunta a 2010, yana da alamomi 2,136. Yaron firamare yana koyon 1,026 a shekara shida, 80 daga ciki a ajin farko. Wahalar ba yawan ba ce kaɗai: yawancinsu suna da karatu biyu ko fiye, ɗaya na asalin Japananci, ɗaya wanda ya biyo alamar daga Sinanci. 山 a tsaye ita kaɗai yama ce, amma a cikin 火山, dutse mai aman wuta, sai ta koma zan, a ce kazan. 車 kuruma ce, a haɗe da wata kuma sha. Da muka fara gunaguni, malamar ta tuna mana cewa mu ma muna cewa biyu, amma ba ma cewa goma biyu sai ashirin, kuma muna da ruwa muna da ma'u a bakin malamai. Harshen da ya daɗe yana maƙwabtaka da babban harshen ilimi haka yake zama.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne sunayen da muke furtawa kullum a tasha da gareji, waɗanda yawancinsu sunayen iyalai ne. Honda 本田 ne, Toyota daga sunan iyalin Toyoda 豊田, Mazda kuma wanda ya kafa ta sunansa Matsuda 松田. Wannan murabba'in mai gicciye a ciki, 田, gonar shinkafa ce. A Yamaha 山葉 ga dutse, a Kawasaki 川崎 ga kogi, a Suzuki 鈴木 ga itace. 本 da ke farkon Honda, mai ma'anar tushe, ita ce a cikin sunan ƙasar, 日本 Nihon, tushen rana. Shekara da shekaru muna hawan gona da kogi da itace ba mu sani ba.

A tsakiyar wannan ne ajin ya cika ya batse. A watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD karo na 9 a Yokohama, hukumar JICA ta Japan ta ayyana birnin Kisarazu a matsayin garin zumunci da Najeriya, sai labari ya bazu cewa za a buɗe biza ta musamman. Asabar ɗin da ta biyo baya, samari sun kai arba'in, har a bakin taga. Gwamnatin Japan ta fito ta ce babu wata biza ta musamman, a watan Satumba kuma JICA ta janye shirin gaba ɗaya. Kafin Oktoba mun koma mu goma sha ɗaya. Ba mu zargi kowa ba, mun san halin da matasanmu ke ciki. Amma muna jan kunne: duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sama muku aikin Japan ta wannan shiri, ku riƙe kuɗinku. Hanyar da muka sani a fili ita ce tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinsu a Abuja, da jarrabawar harshe ta JLPT mai matakai biyar, daga N5 na masu farawa zuwa N1.

Cikin sha ɗayan da suka rage akwai wanda ba mu taɓa tsammani ba. Dattijonmu ne, tsohon tela, ya haura saba'in, bai taɓa shiga ajin boko ba, amma ya yi karatun allo tun yana yaro har ya sauke. Da farko zuwa yake ya zauna a bakin ƙofa yana jiran Magariba, yana yi mana dariya. Wata rana muna fama da シ shi da ツ tsu, da kuma ソ so da ン n, waɗanda ido ke gani kamar tagwaye, sai ya ce: "'Yata, sake rubutawa in ga hannunki." Ta sake. Ya ce: "Ai ga shi nan. Wannan daga ƙasa kika ja shi zuwa sama, wancan daga sama zuwa ƙasa. Ku kuna kallon harafi, ba kwa kallon alƙalami." Gaskiyarsa kuwa, bambancin ke nan. A rubutun Japan kowane harafi yana da tsarin jansa, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kuma ana ƙirga ja nawa ne.

Asabar ta gaba sai ga Baba da allo da tawada da alƙalamin kara. Ya raɗa wa haruffan suna kamar yadda aka koya masa kaf lasan da mim jaye da ha kuri: し ya kira ta ƙugiya, の dodon koɗi, へ tudu, く bakin tsuntsu. Ya rubuta, ya karanta da ƙarfi, ya wanke, ya sake. Samarin da ke koyo da manhajar waya suna gane harafi in sun gan shi, amma a ba su farar takarda sai hannu ya tsaya. Baba kuwa cikin mako biyar ya haddace hiragana da hannunsa. Ɗigon da ke mayar da ka zuwa ga bai ba shi mamaki ba, ya ce ai ɗigo ne ya raba ba da ta. Ƙaramin っ ya ce shadda ce. Da aka nuna masa furigana, ƙananan hiragana da ake ɗorawa a kan kanji mai wuya don yara da masu koyo, ya ce wasali ne, babbaƙu ne aka yi musu farfaru. Da ya ji cewa littattafansu da jaridunsu da yawa ana rubuta su daga sama zuwa ƙasa, layuka na tafiya daga dama zuwa hagu, littafin kuma ta dama ake buɗe shi, sai ya ce: "To ashe dai mutanen kirki ne." Shi ne ma ya ƙirga mana トヨタ ya samu ja takwas, malamar ta tabbatar masa cewa wannan na cikin dalilan da aka bayar na sauya Toyoda zuwa Toyota a 1936, domin takwas lambar sa'a ce a wurinsu.

Tarihin rubutun ya ƙara kusanto da abin gida. Japanawa ba su da rubutun kansu sai da alamomin Sin suka iso musu ta Koriya, wajen ƙarni na 5. Na dogon lokaci malamansu da Sinanci suke rubutu, kamar yadda malamanmu suka daɗe suna rubutu da Larabci. Daga baya suka fara aron alamomin don sautinsu kawai, su rubuta nasu harshen. Wajen ƙarni na 9, saurin hannu ya narkar da wasu alamomin suka zama hiragana, malaman addinin Buddha kuma suka riƙa gutsuro ɓangaren alama suna rubuta taƙaitaccen bayani a gefen littafi, ya zama katakana. Hiragana har ana ce mata hannun mata, domin maza masu ji da ilimi sun fi son Sinanci, amma da ita Murasaki Shikibu ta rubuta Genji Monogatari a farkon ƙarni na 11, littafin da Japan ke alfahari da shi har yau. Duk wanda ya san yadda malamanmu suka lanƙwasa haruffan Larabci suka ɗauki ɗa da ƙa da tsa, da yadda Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta karantar da mata da waƙoƙin ajami, zai ji labarin kamar ya taɓa jin sa.

Inda hanyarmu da tasu ta rabu shi ne nan. Su ma an sha ce musu su yar da nasu. A 1866 Maejima Hisoka ya ba da shawarar a daina kanji. A 1946, bayan an ci su da yaƙi, tawagar ilimi ta Amurka ta ba da shawarar su koma haruffan Turawa. Ba su yar ba, gyara suka yi. Tun 1900 suka tsayar da harafi ɗaya ga kowane sauti a makarantu, a 1946 suka taƙaita kanji na yau da kullum zuwa 1,850. Haruffan Turawan ma sun karɓa, suna kiransu romaji, da su ne da yawa ke buga rubutu a kwamfuta: ka buga yama, na'ura ta kawo maka やま, ta ba ka zaɓin 山. Mu kuwa, da gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi boko, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, boko ya samu ofis da albashi da ƙa'idar rubutu. Boko ya yi mana rana, da shi muke rubuta muku wannan, da shi kuma muke karanta juna mu da maƙwabtanmu Birom da Afizere da Anaguta da ke jin Hausa kamar mu. Amma ajami an bar shi ba gyara, kowane malami da yadda yake rubuta e da o, har aka wayi gari ana ɗaukar mai shi a matsayin wanda bai iya karatu ba. A 2007 an cire shi daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 sabuwar naira 100 ta fito babu shi. A gardamar da aka yi, da yawa daga kowane ɓangare sun ɗauka Larabci ne, alhali abin da ke jikin dubu ɗaya Hausa ce tsantsa, naira dubu. Kuma ajami yana nuna dogon wasali, abin da bokonmu ba ya yi. A wannan ya fi kusa da hiragana.

Duk wannan da muna faɗarsa a matsayin tarihi ne kawai, sai da abin ya zo kan teburinmu. A watan Disamba, cikin sanyin Jos ɗin nan da ke sa alƙalami ya ƙi zama a hannu, muna sabunta rajistar 'yan ƙungiya, Baba yana zaune kusa da mu. Ya ga mun zo kan sunansa, ya nuna wani gurbi ya ce: "Sakatare, nan me ka sa?" Gurbin ilimi ne. Shekara tara muna riƙe da wannan littafi, shekara tara muna rubuta masa "babu". Mun gaji hakan daga sakatarorin baya, ba mu taɓa tsayawa mun yi tunani ba. Muka faɗa masa gaskiya. Bai yi fushi ba. Ya ce mu buɗe durowar ƙasa mu ɗauko littafin farko na ƙungiya.

Mun san littafin, mai baƙin bango, tun zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Shafukansa na farko da ajami aka rubuta su. Muna da difloma, mun yi Islamiyya, muna karanta Alƙur'ani, kuma ga shi muna karanta katakana, amma rubutun hannun nan na Hausa sai mu yi layi ɗaya a minti biyar, mu tsallake rabi. Shi ya sa muka daɗe ba mu buɗe shi ba. Baba ya gyara tabarau ya karanta kamar ruwa: sunayen waɗanda suka kafa ƙungiya, lebura a ramin kuza, mahauci, direba, tela, da abin da kowa ya bayar. Ya karanta sharaɗin da suka rubuta cewa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shiga na marayun 'yan ƙungiya ne, sharaɗin da babu shi a kundin da muke aiki da shi yanzu, don wanda ya juya shi zuwa boko ya tsallake. Ya karanta sunan mahaifinsa. Can ƙasa ya karanta na mahaifinmu, da sule biyu a gabansa. Ya rufe ya ce: "Ɗana, ka je har Japan ka koyo nasu, ga naku a durowa."

Mun kai maganar gaban kwamiti, ga kuma abin da aka yanke. Na ɗaya, an gyara gurbin ilimi a rajista. Yanzu ana tambayar wane rubutu mutum ya iya, boko, ajami ko duka biyun. Da muka bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, yawancin waɗanda muka rubuta wa "babu" sun iya ajami. Muna neman afuwarsu a bainar jama'a, kamar yadda muka yi kuskuren a rubuce. Na biyu, za a kawo maganar kason marayu gaban babban taro mai zuwa, domin amana ce, kuma magana ce ta kuɗi, kowa ya zo da shirinsa. Na uku, ajin Asabar ya kasu biyu: awa ɗaya rubutun Japan tare da 'yarmu, awa ɗaya ajami tare da Baba. Ita ma tana zama a gabansa da nata allon. Aikin farko na ajin shi ne juya tsohon littafin zuwa boko shafi da shafi, a ajiye su gefe da gefe. Muna kuma shirin kai 'yan ajin gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda ake ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na haruffan Larabci, su ga irin abin da magabata suka bari.

Kada wani ya ɗauka mun iya Japananci. Bayan wata bakwai, yawancinmu mun riƙe hiragana da katakana, da kanji wajen sittin, ba mu ma kai yaron aji ɗaya na can ba. Jarida ta fi ƙarfinmu nesa. Amma makanikenmu ya riga ya mayar wa wani dillali inji saboda ya karanta H17 a jikinsa, ya lissafa 2005, kuma yanzu abokan aikinsa a Dilimi suna kiransa ya duba musu kaya. Ga mai son farawa, shawararmu daga abin da muka gani: fara da hiragana, biyar a rana, ka rubuta da hannu kana furtawa, ka bi da katakana, ka gwada ta a jikin kayan da ke shagonka, kanji kuma ka fara da lambobi da shekara da wata da rana, su ne za su fara tsare maka aljihu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙofa a buɗe take ga maza da mata, 'yan ƙungiya da maƙwabta, ba a biyan ko kwabo. A zo da littafin rubutu mai gidan dara da fensir, mai allo kuma ya zo da allonsa. Wanda ke da tsohuwar wasiƙa ko takardar cinikin gida ta ajami a akwatin mahaifinsa, ya kawo a karanta masa tun masu karantawar suna raye.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya yi wa 'yarmu albarka, Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya
Jos